Waƙoƙin anime a wajen biki: tambayoyin da angwaye da amare suka fi yi

Yaran da suka taso suna kallon anime, wato katun ɗin Japan, irin su Naruto da Dragon Ball a sidi, ko suna kai waya wajen masu turi a zuba musu One Piece, yau su ne ake ɗaura wa aure, kuma da yawansu suna son a ji ƙamshin abin da suka taso da shi a ranar bikinsu. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa aka haɗa su waje guda.

Wai da gaske ana saka waƙar anime a biki, ko mu ne za mu fara?

Ana sakawa mana, ba ku ne farau ba. A Japan ɗin kanta, liyafar da ake yi bayan ɗaura aure ango da amarya ne ke zaɓar waƙar kowane sashe da kansu: ta shigowa daban, ta yanka kek daban, ta lokacin da amarya ta fita ta canza kaya ta dawo daban, sai kuma wadda ake sakawa a hankali lokacin da take karanta wa iyayenta wasiƙar godiya, wanda a nan ne kowa ke share hawaye. Kiɗan finafinan Ghibli, kamfanin katun na Japan, da waƙoƙin fim ɗin Your Name suna cikin waɗanda ake yawan ji a irin wuraren nan.

Amma fa akwai bambanci. Can kakar amarya ma ta san Totoro na Ghibli, tun 1988 fim ɗin ke yawo a gidajensu, kuma kowa a hol ɗin yana jin abin da mawaƙin ke faɗa. Ku kuwa a naku taron idan aka samu tebur biyu da suka gane waƙar to an yi sa'a, sauran duk gwaggwanni ne da abokan Baba da ƙawayen Hajiya da suka zo taya ku murna. Duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

A cikin tarukan biki wanne ne ya dace?

Ɗaurin aure da walima ku cire su a lissafi gaba ɗaya, ba wajen kiɗa ba ne. Kamu da wuni kuma na mata ne, na uwar biki da ƙawayenta, in sun ɗauko masu kiɗan ƙwarya ko mai asharalle babu wanda zai ce a dakata a saka waƙar Japananci, kuma gaskiya bai ma kamata a ce ba. Kai amarya ma haka, kukan da ake yi ya isa.

Inda abin ke shiga shi ne dina, da fatin da ƙawayen amarya ke haɗa mata, da zaman abokan ango, sai kuma bidiyon biki, wanda ni a ganina shi ne wajen da ya fi kowanne. A bidiyo babu mai katse muku waƙa, babu emsi da zai hau kanta da surutu, kuma ku ne za ku yi ta kallonsa shekara da shekaru. Sai dai shi ma yana da tasa matsalar idan za a ɗora a intanet, ku duba amsar da ke maganar haƙƙin mallaka can ƙasa.

To a cikin dinar, a wane lokaci?

Lokacin da baƙi ke shigowa suna neman wajen zama, lokacin shigowar ango da amarya, lokacin yanka kek, da lokacin cin abinci. Waɗannan su ne wuraren da kiɗa ke raka abin da ake yi ba tare da an buƙaci kowa ya tashi ba.

Filin rawa da liƙi kuwa ku bar wa waƙoƙin gida. Dangin amarya sun yi anko, sun canzo sababbin kuɗi, an kira su fili, abin da suke jira shi ne waƙar da suka sani wadda ƙafa ke bi da kanta, ko wadda aka yi muku a situdiyo da sunayenku a ciki. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to su kuma ba su da rawar da za su sauya zuwa gare ta, sai ka ga an tsaya cirko-cirko ana kallon diije. Waƙa uku zuwa biyar a duk daren ta wadatar, ban da kiɗan da ke tashi ƙasa-ƙasa lokacin abinci.

Mai murya za mu zaɓa ko kiɗa zalla?

Kiɗa zalla, musamman a duk inda manya ke zaune. Fiyano da goge ba su da yare, Hajiya za ta ji ta ce kai wannan kiɗa da daɗi yake, ba tare da ta san daga katun ya fito ba, su kuma abokanka na can teburin baya sun gane suna ta murmushi. Da zarar murya ta shigo kuwa, musamman irin siririyar muryar nan ta 'yan mata da ke cikin waƙoƙin anime da yawa, hankalin mutane zai bar kanku ya koma kan tambayar wai wane yare ne wannan.

Sunan da za ku fara nema shi ne Joe Hisaishi. Shi ke yi wa Hayao Miyazaki, daraktan finafinan Ghibli, kiɗa tun fim ɗin Nausicaä na 1984 har zuwa The Boy and the Heron na 2023, kuma kusan duk abin da ya rubuta ana iya sakawa a gaban surukai. "One Summer's Day" na Spirited Away, fim ɗin 2001 da ya ci Oscar, ya dace da lokacin da baƙi ke zama. "A Town with an Ocean View" na Kiki's Delivery Service yana da ɗan tsalle-tsalle mai sa nishaɗi, ya yi daidai da lokacin abinci. Idan kuna son sauti mai cika hol, a 2023 ya sake ɗaukar kiɗe-kiɗen tare da ƙungiyar makaɗa ta Royal Philharmonic ta Landan, ku nemi wannan.

Sauran waƙoƙin masu murya ma kusan kowacce akwai wanda ya kaɗa ta da fiyano, don haka idan akwai wadda ranku ya kafe a kanta, ku nemi ta fiyanon. Amma cire murya ba ya wanke waƙar da asalinta na makoki ne, ku karanta amsar waƙoƙin da ke yaudarar kunne kafin ku yanke shawara.

Wace waƙa ce ta fi dacewa da shigowar ango da amarya?

Wadda ake yawan zaɓa ita ce "Merry-Go-Round of Life" ta Howl's Moving Castle, 2004, kuma ba a banza ba. Tana farawa da fiyano shi kaɗai a hankali, daidai lokacin da aka buɗe ƙofa, sannan sauran kayan kiɗan su shigo ta yi ta girma. Abin lura kawai shi ne bugunta uku-uku ne irin na rawar Turawa, ba irin wanda muka saba takawa ba, saboda haka kar ku ce za ku shigo da rangaji a kanta, tafiya kawai za ku yi a natse. Amaryar da ke son shigowa da rawa ita da ƙawayenta sai ta raba abin biyu, wannan ta kai su tsakiyar hol, daga nan diije ya juya zuwa ta gida.

Masu son Your Name, fim ɗin Makoto Shinkai na 2016 da RADWIMPS suka yi wa waƙoƙi, yawanci "Sparkle" suke kawowa. Farkonta na fiyano yana da kyau ƙwarai, kalmominta ma na soyayya ne, amma wadda ke cikin fim ɗin ta kusa minti 9, daga ƙofa zuwa kujera kuwa ko da mai hoto yana tsayar da ku ba za ku wuce minti 2 ba, dole a yanka. Kuma wanda ya kalli fim ɗin ya san a lokacin da tauraruwa mai wutsiya ke faɗowa kan gari ake saka ta, in wannan bai dame ku ba shikenan.

'Yan Naruto kuma suna da tasu ta halak: "Hoshi no Utsuwa" ta Sukima Switch, wadda ke rufe fim ɗin The Last na 2014, ana nuna hotunan auren Naruto da Hinata a kanta. Ga mai son waƙar da ma'anarta ke tafiya da ranar, "Dan Dan Kokoro Hikareteku" ta Dragon Ball GT, 1996, maganar zuciyar da ke karkata zuwa ga wani sannu a hankali take yi, ta fiyanonta ta dace da yanka kek.

Waɗanne waƙoƙi ne ke yaudarar kunne, masu daɗi amma ba na biki ba?

Nan ne aka fi yin ɓarna, domin waƙoƙin anime da suka fi ratsa zuciya yawancinsu a wajen mutuwa ko rabuwa aka saka su, shi ya sa ma suka zauna mana a rai. "Sadness and Sorrow" ta Naruto ita ce ta farko, sarewar nan da fiyanon suna da daɗi, amma duk wanda ya kalla ya san ba a saka ta sai an yi rashi ko ana tuna maraici. "Homura" ta LiSA, ta fim ɗin Demon Slayer na 2020, bankwana ce da wanda ya mutu. "Secret Base" ta Anohana ce, shirin da ke ba da labarin yarinyar da ta rasu da abokanta da suka kasa mantawa. Waƙoƙin Your Lie in April suna da haske a kunne, ƙarshen labarin kuwa asibiti ne da wasiƙa. "One More Time, One More Chance" ta 5 Centimeters per Second mutum ne ke ta neman masoyiyar da ya rasa a kowace kwana ta gari, ka ga kuwa ba abin da ango zai so a rera a kansa ba ne.

Ghibli ma ba duka ne lafiya ba. "Hikōki-gumo" da ke rufe The Wind Rises, Yumi Arai ta fitar da ita tun 1973 a kan wani da ya rasu da ƙuruciya. Wadda ta fi ban dariya ita ce "Rouge no Dengon" da ke farkon Kiki, kiɗanta kamar na ranar salla, amma matar aure ce ta bar wa miji saƙo da jan baki ta hau jirgin ƙasa za ta kai ƙararsa wajen mahaifiyarsa saboda neman mata. Wato waƙar yaji ce, a ranar da ake kai amarya! Duk abin da ya fito daga Grave of the Fireflies kuma kar ma a fara.

Akwai wasu da matsalarsu daban ce. "Binks' Sake" ta One Piece waƙar giya ce ta 'yan fashin teku, kuma a labarin suna rera ta suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. "Idol" ta YOASOBI da ta karaɗe duniya a 2023 a kan ƙarya da soyayyar bogi take. "Unravel" ta Tokyo Ghoul mutum ne da ya rasa gane kansa yake ihu. Ita kuwa ta ƙarshen Evangelion mai tafi da fiyano, sunanta ma da Jamusanci kiran mutuwa yake. Za ka ce ai ba mai ji, to kai ka ji, kuma bidiyon zai kai hannun wanda ya sani. Su Japanawan ma a wajen biki har kalmomin rabuwa da yankewa da ƙarewa suke kauce wa a cikin jawabi, balle waƙa sukutum.

Ba ma jin Japananci, ta yaya za mu san abin da waƙa ke cewa?

Ku nemi cikakkiyar fassararta, ba ta ɗan guntun da ake sakawa a farkon shiri ba, domin baiti na biyu da na uku su ne inda maganar ke juyawa, waƙar da ta fara da ina son ki sai ka tarar a ƙarshe ashe tuna baya ake yi. Ku karanta fassara biyu daga mutane daban-daban, ta na'ura kaɗai ba ta isa ba, Japananci yana yawan barin wanda ake magana a kansa ba a ambata ba, sai na'urar ta cike da abin da ta ga dama. Bayan haka ku tambayi kanku a wane waje aka saka ta a labarin. Idan amsar ita ce lokacin da wane ya mutu, an gama magana.

Mu fa 'yan faɗa ne, Naruto da One Piece da Attack on Titan. Ba mu da rabo kenan?

Kuna da shi, a shigowar abokan ango. Wannan minti ɗaya ne da rabi na ku, ku sha shagalinku. "Silhouette" ta KANA-BOON, "Blue Bird" ta Ikimonogakari, ko "We Are!" da One Piece ya fara da ita a 1999 wadda dama kan abota da tafiya tare take, duk suna tayar da hol. "Tank!" ta Cowboy Bebop da Yoko Kanno ta rubuta a 1998 ta ma fi su sauƙin shiga, kusan duk ƙaho ne da ganga, manya ma sai ka ga suna gyaɗa kai. "Bling-Bang-Bang-Born" ta Mashle, 2024, ita ce ƙila guda ɗaya da ƙannen amarya za su taso su taka saboda sun san rawar daga TikTok.

Abu biyu dai. Waƙoƙin nan suna da gudu sosai, da babbar riga da hula ba a bin su da rawa, ku shigo da taku da tafi kawai. Sannan "Blue Bird" maganar tashi sama ba dawowa take yi, ga abokai ba komai, amma kar a saka wa amarya. Na Attack on Titan kuwa na yaƙi ne da jini, a bar su a mota.

Ni a Spacetoon na taso, da Larabci na san waƙoƙin. Su fa?

Waƙoƙin Spacetoon, tashar katun ta Larabci, su ma wata dama ce da mutane ke mantawa da ita. Duk gidan da ke da dish ɗin Larabawa daga shekarar 2000 zuwa sama, da 'yan uwanmu na Sudan da Chadi da masu zama Saudiyya, da waɗannan suka girma. Yawancinsu ba fassarar na Japan ba ne, sababbin waƙoƙi ne aka yi a cibiyar Zuhra ta Dimashƙa, Tarek Alarabi Tourgane ya rubuta da yawa, Rasha Rizk ta rera da yawa, kuma da Larabcin fusha ne mai tsabta, wanda kunnen mutanenmu ya riga ya saba da shi. Kawu da ya yi Islamiyya ma zai tsinci kalmomi a ciki.

Tankaɗe dai sai an yi. "Ahd al-Asdiqa" ta abota ce da alƙawari, ta dace da ƙawaye ko abokai. "Ana wa Akhi" kuwa kewar uwar da ta rasu ce, idan a cikinku akwai wanda ya rasa mahaifiya wallahi za ta rikita wajen.

Ni nake son anime, ita ko a jikinta. Ga kuma iyaye. Ya zan yi?

Ka tura mata guda biyar ba tare da ka faɗa mata daga inda suka fito ba, wadda ta ce ta yi mata ita ce taku. Kar ka zauna kana ba ta tarihin Hokage na huɗu, baban Naruto, ana saura sati biki, kanta ya riga ya cika da tela da mai lalle. In kuma ke ce mai so shi ne bai damu ba, hanyar ɗaya ce.

Iyaye kuma ba sai an kai musu jerin waƙoƙi ba, amma idan gidan masu tsanani ne a kan kiɗa, ko su Baba sun ce ba dina sai walima, to maganar ta ƙare a nan, ba a fara zaman aure da jayayya da surukai a kan waƙar katun. Ku ajiye ta ga bidiyonku da motar da za ku fara fita tare.

Me za mu ba diije, kuma yaushe?

Kar ku faɗa masa suna da baki ku tafi, zai rubuta abin da kunnensa ya ji ya sauko muku da wata daban, ko wani rimis mai ƙarar tsiya. Ku zuba masa a filashi, kowace waƙa ku canza mata suna zuwa aikinta: 1 zaman baƙi, 2 abokan ango, 3 shigowar amarya, haka. Ku tura wa babban aboki kwafi a waya saboda tsaro. Kar a yarda a kunna kai tsaye daga YouTube, amarya na bakin ƙofa talla ta faɗo ko netwok ya ɗauke, an sha ganin haka.

Ku sani kuma kusan kowace waƙar buɗe shirin anime iri biyu ce, akwai ta talabijin mai kusan sakan 90, akwai cikakkiya mai minti 4 ko fiye. Ga shigowar abokai ta talabijin ta fi, don an riga an yanka ta da ƙarshe mai kyau. Ga wadda za a yanka da hannu irin "Sparkle", ku faɗa masa daga sakan nawa zuwa nawa, kuma ya sauke sautin a hankali, kar ya datse. Ku je a gwada a sifikun hol ɗin kafin ranar, domin diijenmu sun saba ƙure bes, fiyano kuwa in aka yi masa haka sai ya koma gurnani. Emsi shi ma a ja masa kunne ya yi shiru na minti ɗaya lokacin shigowa, kirarin ya biyo baya.

Idan muka ɗora bidiyon a Instagram ko YouTube za a cire sautin?

Zai iya faruwa, kuma kamfanonin waƙoƙin Japan ba sa wasa da haƙƙin mallaka. A can ma hol-hol da yawa sai ma'aurata sun kawo sidi na asali kafin a kunna musu, kuma saka waƙa a bidiyon biki sai an biya an karɓi izini ta hannun hukumomi irin JASRAC da ISUM. YouTube na da manhajar da ke gane waƙa da kanta, tana iya toshe bidiyon a wasu ƙasashe ko ta ɗora masa talla kuɗin ya tafi ga mai waƙar, Instagram kuma ya kan kashe sautin.

Mafita ita ce mai bidiyo ya yi muku iri biyu, na gida mai duk waƙoƙin da kuke so, da gajere na ɗorawa wanda za ku zaɓa masa waƙa daga cikin jerin da manhajar kanta ke bayarwa. Kar ku ɗauka ta fiyanon da wani ya kaɗa ta kuɓuta, karin waƙar har yanzu na mai shi ne.

Za mu iya kai wa mawaƙin situdiyo karin waƙar anime ya ɗora mana Hausa da sunayenmu?

Ana iyawa, kuma in aka dace ita ce hanya ɗaya da waƙar anime za ta shiga filin liƙi, tunda gwaggo za ta ji sunan ɗiyarta ta taso. Ku zaɓi mai sanyi mai sauƙin bi kamar ta Dragon Ball GT da aka ambata a amsar shigowa, masu gudu irin "Silhouette" kalmomin Hausa ba sa zama a kansu, sai an haɗiye rabin gaɓoɓin, karin harshen ma ya karye har sunan amarya ya koma wani abu. Ku bar mai kiɗan ya sauya bugun zuwa wanda ake takawa a nan, kar ku matsa masa sai ta fito sak.

Ku ba shi aƙalla wata guda, ku karɓi gwaji ku saurara tare da wani babba a gidan kafin a kammala, saboda jerin sunayen dangi da za a ambata, wanda aka manta da shi ba zai manta ba. Kuma ku gaya masa tun farko ta taronku ce kawai, ba ta sayarwa ko ɗorawa a shafinsa ba, dalilin yana cikin amsar da ta gabaci wannan.